Hawan Dutse Cikin Ƙanƙara Kai da Abokin Tafiya: Wane Takalmi, Wane Ƙarfe?

Sanyin da muka sani a Katsina da Daura na hunturu ne: busasshiyar iska, hazo, faso a dunduniya, kaskon wuta a tsakar ɗaki. Komai tsananinsa, ruwan randa ba ya daskarewa, ƙasa kuma ba ta santsi. Ko a Jos da Mambila, inda ake kuka da sanyi, ba za ka tarar da hanyar da ƙanƙara ta shafe kamar gilashi ba. Shi ya sa yaranmu masu karatu a Masar da Turkiyya da Maroko, da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga can, idan suka shirya hawan dutse na yini guda su biyu a watan Janairu ko Fabrairu, sai kuɗin ya ƙare a kan jaket da hular sanyi, a bar ƙafa da kambas ɗin zuwa aji. Alhali a irin wannan rana ƙafa ce ke kayar da mutum, kuma galibi wajen saukowa.

Mai shiri tun daga gida yana da zaɓi biyar: takalmin but mai ƙwari shi kaɗai; but ɗin da aka ɗaura wa sukuru a ƙasa; roba mai naɗin waya; sarƙa mai haƙora; sai kiramfon, wato ƙarfe mai dogayen tsini da ake ɗaura wa but, tare da gatarin ƙanƙara.

Abin da za a auna da shi

Kafin maganar kuɗi, a fara da hanyar, domin ba kowace ƙanƙara ce iri ɗaya ba. Dusar da ta sauka sabuwa tana da taushi, ƙasan takalmi yana nutsewa ya kama. Wadda mutane suka tattake ta zama dandaɓe ta fi santsi. Mafi sharri ita ce wadda rana ta narkar da azahar, ruwan ya kwanta a kan matakala, dare ya sake daskarar da shi. Siririya ce, garai-garai, kana hango dutsen ta cikinta kana zaton jiƙa ce kawai. Ta fi zama a gefen da rana ba ta kaiwa, kuma ta fi tauri da asuba.

Ga misalai uku da 'yan gida suka fi ambata. Jabal Musa a yankin Sinai na Masar tsawonsa mita 2,285. Ana hawansa ta hanyar raƙuma mai lanƙwasa ko ta tsohuwar matakala da ake lissafa ta 3,750, amma ta ko'ina ka biyo, matakala 750 na ƙarshe sai ka taka da ƙafarka. Yawancin mutane da tsakar dare suke tashi don su riski fitowar rana a sama, wato daidai lokacin da ƙanƙara ta fi tauri. Uludag da ke kan garin Bursa a Turkiyya mita 2,543 ne, dusa ce ke rufe shi duk lokacin sanyi, ga hazo da kan sauko ba sallama. Tubkal na Maroko kuwa mita 4,167 ne, dutse mafi tsawo a Arewacin Afirka, kuma shi wani aji ne daban.

Bayan hanya sai a duba abu huɗu: farashi, ƙarko, sauƙin sawa da cirewa da hannun da sanyi ya sandarar, da irin haɗarin da shi kansa kayan ke jawowa. Akwai na biyar da aka cika mantawa: ku biyu ne. Duk abin da za a saya, kuɗinsa sau biyu ne, kuma tafiyar ba ta wuce ƙarfin wanda kayansa suka fi rauni.

But mai ƙwari shi kaɗai

Wannan shi ne tushe, duk sauran a kansa ake ɗora su. Ana son wanda ya rufe idon sawu, ba ya shan ruwa, ƙasansa na da zurfin zane kamar tayar babur ɗin daji. A nan gida an fi samun irinsa a gwanjo, ko a babbar kasuwar Katsina ko a Ƙofar Wambai ta Kano idan an buɗe dila, kuma sau da yawa za ka ci karo da na kamfanonin Turai na gaske a kuɗin da bai kai rabin sabo ba.

Sai dai gwanjon but yana da wata cuta da ido ba ya saurin gani. Da yawansu, tsakanin fatar sama da robar da ke taka ƙasa akwai wata roba mai laushi da ake kira foliyuritan. Idan takalmi ya daɗe a ajiye, danshi da zafi suna cinye ta daga ciki. Sama fes kamar ba a taɓa sawa ba, amma ka yi tafiyar awa biyu sai ƙasan ya ɓantale ya bar ka da safa a kan dutse. Don haka kada kyawun fata ya ruɗe ka. Lanƙwasa takalmin da ƙarfi ka duba gefen ko ƙananan tsagu za su buɗe. Danna farcen babban yatsa a robar tsakiyar: idan ta yi gari, ko ta yi danƙo, ko ramin farcen bai dawo ba, ajiye shi komai arharsa. Ja bakin ƙasan ta gaba da ta dunduniya ka ga ko gam ya saki. Wanda aka ɗan mora, zanen ƙasansa bai cinye ba, ya fi wanda ya shekara goma a kwali.

Wajen gwaji, je da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safar ulu mai kauri da za ka sa ranar. Kafin ka ɗaure igiya, tura ƙafar gaba: yatsa ɗaya ya shiga bayan dunduniya. Takalmin da ya matse yana hana jini gudu, kuma yatsun da jini bai isa ba su sanyi ke fara ƙonawa. Ka sa shi ka yi yawo na sati biyu ko uku kafin tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kan busasshen dutse da sabuwar dusa, but kaɗai ya isa. A kan daskararren ruwa kuwa, kowace roba santsi take, sanyi ma yana ƙara taurara ta. But mai tsada da mai araha kusan ɗaya suke a nan.

But da sukuru

Dabara ce ta masu gudu a ƙasashen sanyi, kuma kowane mai gyaran takalmi a Katsina zai iya yi maka. Ana samun ƙananan sukurun kwano masu kai mai kusurwa shida, tsawon kamar santimita 1, a ɗaura su daga waje a kan tudun zanen ƙasan, kai na kallon ƙasa. Goma zuwa goma sha biyu a kowace ƙafa: shida ko bakwai a kewayen gaba, huɗu ko biyar a dunduniya, a guji tsakiyar tafin inda robar ta fi siranta. Bakin kan sukurun ne ke cizon ƙanƙara.

Ba abin da ya kai shi araha, kuma a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya yana aiki fiye da yadda ake zato. Matsalarsa ba ya ciruwa a hanya. Kana shiga filin jirgi ko ɗakin kwanan ɗalibai mai tayil sai ya koma shi ne mai santsi, ga karce daɓe. Idan sukurun ya yi tsawo zai huda ya shigar da ruwa, ko ya soki ƙafa. Kawunan suna cinyewa a kan dutse, wasu su zube. Cizonsa kuma milimita kaɗan ne, ba ya riƙe mutum a gangare mai tsanani. Wanda zai yi, ya tafi da sukurun a leda da abin ɗaurawa, ya ɗaura a can daren tafiya.

Roba mai naɗin waya

Ita ce irin wadda ake sayarwa da sunan Yaktrax: ragar roba da aka naɗe da siririyar waya kamar sifirin, ana ja a saƙala a takalmi. Kuɗinta kimanin dala 20 zuwa 35, ba nauyi, ba wuyar sawa. An yi ta ne don titi da harabar makaranta. Waya ba ta da tsini, don haka a gangare mirginawa take maimakon ta kama, kuma dutse yana tsinka ta. Ba mu ba da shawarar a hau dutse da ita ba, musamman da yake tana sa mutum ya saki jiki yana ganin ya shirya.

Sarƙa mai haƙora

Nan ne mafi yawan masu karanta wannan ya kamata su tsaya. Zoben roba ne mai tauri da ke zagaye saman takalmi, sarƙoƙi na ratsa ƙasa, a jikinsu haƙoran ƙarfe. Fitacciyar ita ce ta kamfanin Kahtoola, haƙora 12 a kowace ƙafa, tsawon kowanne kusan santimita 1, na ƙarfen da ba ya tsatsa, nauyin ƙafa biyu bai kai rabin kilo ba. Ta Hillsound haƙoranta sun ɗan fi tsawo, tana kuma da maɗauri a kan ƙafa da ke hana ta sulɓewa cikin dusa mai zurfi. Irin waɗannan suna kaiwa kimanin dala 70 zuwa 85. Shagunan kayan wasanni na Decathlon, da ke da rassa a Masar da Turkiyya da Maroko, sukan kawo masu sauƙin kuɗi lokacin sanyi. A gida da wuya ka same ta, don haka but daga nan, sarƙa a can.

Falalarta babba ita ce ana sawa ana cirewa cikin minti ɗaya. Hanya irin ta Jabal Musa gauraye take: dogon busasshen dutse, sai inuwa mai ƙanƙara, sai dutse kuma. Ka riƙe ta a aljihun gefen jaka, ka sa kafin ka taka santsin, a wuri mai faɗi, a zaune. Mutane da yawa sai sun zame sau ɗaya suke tunawa da ita, sannan su tsaya da ƙafa ɗaya a tsakiyar gangare suna fama da roba. Gaba aka fara saƙalawa, a ja ta baya ta hau dunduniya, sannan a duba sarƙar ta miƙe, haƙoran na ƙarƙashin tafi ba a gefe ba.

Ga inda take ba da matsala. Girma-girma take zuwa, kuma da but ake auna ta, ba da lambar ƙafa ba; idan ta yi sako-sako za ta juya, ko ta fita ba ka sani ba. Mafi arharta, waɗanda ba su da suna, robarsu na tsagewa a wajen ramin da sarƙa ke shiga, mahaɗan sarƙar kuma ba a yi musu walda ba, sai su buɗe. Araha ba ta ado. Ja robar da ƙarfi a shago, ka duba mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ka kuma saka 'yar waya ko igiyar roba a jaka don ɗaurin gaggawa. Idan rana ta yi dusa ta jiƙe, takan dunƙule a ƙarƙashin ƙafa ta binne haƙoran, sai ka riƙa buga gefen takalmin da sanda. Bayan an dawo a wanke a shanya, kada a jefa jaka a jiƙe. Wadda aka kula da ita tana shekaru.

Iyakarta kuma a san ta: ba ta da haƙoran gaba. Duk gangaren da ya kai ka dafa da hannu, ko wanda idan ka zame ba abin da zai tare ka, ya fi ƙarfinta.

Kiramfon da gatari

Firam ne na ƙarfe mai tsini 10 ko 12, kowanne ya haura santimita 2, biyu na kallon gaba. Nauyin na ƙarfe ya kusa kilo. Ba ya zama a kan but mai laushi: takalmin na lanƙwasa, ƙarfen ba ya lanƙwasa, sai ya fita ko ya karye. Dole sai but mai taurin ƙasa da aka yi dominsa, shi kuma ya fi kiramfon ɗin tsada. Kiramfon kimanin dala 130 zuwa 200, gatari kusan dala 100, ban da takalmi. Ƙarko kam yana da shi, sai dai a wasa tsinin da zarto.

Mutum kan ce bari ya sayi mafi ƙarfi ya huta. Kuskure ne. Ga wanda bai koya ba, kiramfon ya fi sarƙa haɗari: tsinin na kama ƙafar wando ko igiyar ɗaya takalmin, ya kifa mutum da ka. Idan ka zame kuma ka kafa tsinin don ka tsaya, jiki na ci gaba da gudu, idon sawu ne ke karyewa. Gatarin ma ba sanda ba ne, akwai yadda ake kifawa a kansa a tsayar da zamewa, kuma sai an maimaita a gaban mai koyarwa har jiki ya saba. A Tubkal lokacin sanyi ba makawa sai da su, amma a ƙauyen Imlil da ake tashi daga shi ana ba da haya, kuma tun bayan 2018 hukuma ta wajabta tafiya da ɗan jagora. Tubkal kuma ba a yini ɗaya ake hawansa daga ƙasa ba. Ana kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200.

| Zaɓi | Farashi | Ƙarko | Sauƙi | Inda yake kasawa |
|---|---|---|---|---|
| But kaɗai | Gwanjo, sai yadda ciniki ya kaya | Mai kyau idan robar tsakiya lafiya | Ba abin koyo | Daskararren ruwa |
| But da sukuru | Mafi araha | Kaɗan, suna cinyewa | Ba ya ciruwa a hanya | Gangare, tayil |
| Roba mai waya | Dala 20 zuwa 35 | Kaɗan a kan dutse | Mai sauƙi ƙwarai | Kowane gangare |
| Sarƙa mai haƙora | Har dala 85 | Shekaru | Minti ɗaya | Gangare mai tsanani, jiƙaƙƙiyar dusa |
| Kiramfon da gatari | Dala 230 zuwa sama, ban da but | Mafi daɗewa | Sai an koya | Hannun wanda bai iya ba |

Yadda zama ku biyu ke sauya lissafi

Idan kuɗin sarƙa mai tsada ɗaya ke gare ku, ku sayi matsakaita biyu. Kada ku raba ƙafa ɗai-ɗai: ƙafar da ta kama tana sa ka yarda, wadda ba ta da komai ta tafi da kai. Kada kuma ɗaya ya sa, ɗaya ya riƙe hannunsa, ko ku ɗaura igiya a ƙugu. Wanda ya zame zai ja ɗan'uwansa, a rasa mai neman taimako. A gangare ku bar tazarar taku biyar ko shida, na ƙasa kada ya tsaya daidai saitin na sama. Gajerun taku, tafin ƙafa duka a ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada a jingina baya. Sandar tafiya biyu ga kowa ta fi, amma ko ɗai-ɗai kuka raba ba laifi. Ku cire murfin robar bakin don tsinin ya kama.

Jallabiya, abaya mai jan ƙasa da wando mai faɗin ƙafa duk haƙora na kama su. A cusa ƙafar wando cikin safa, 'yan'uwa mata kuma rigar sama ta tsaya a saman idon sawu da wando mai kauri a ciki. Singiletin auduga da jins suna riƙe gumi, da ka tsaya sai su zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. A sa na ulu ko irin yadin rigar ƙwallo a jikin fata. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6 da rabi, kuma digiri 5 ƙasa da sifili da iska mai gudun kilomita 30 a awa, jiki na jin sa kamar 13 ƙasa da sifili.

Ku sa lokacin juyowa tun kuna ƙasa, ku yi alƙawarin ko ba a kai ƙololuwa ba za a juya. A Sinai rana na faɗuwa wajen ƙarfe 5 a tsakiyar sanyi, saukowa a kan ƙanƙara kuma na iya cin lokaci fiye da hawa. Kowa da tocilarsa ta goshi, waya a aljihun ciki don sanyi na shanye batir, fulas na shayi mai sukari, dabino, ƙuli-ƙuli da kilishi. Ku riƙa duban juna, domin wanda sanyi ya fara shiga jikinsa ba ya ganewa: rawar ɗari, tuntuɓe, magana na sarƙewa, kasa zuge zif. Da ka ga haka a abokinka, ƙara masa riga, ba shi abin zafi, ku sauka. A Fabrairun 2014 guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da wasu matasa 'yan Masar a tsaunukan Sant Katrin na Sinai, yankin da Jabal Musa yake, huɗu daga cikinsu suka rasu, Allah Ya ji ƙansu. Ba ƙarfen da ke maganin irin wannan yanayi. Idan hasashe ya nuna guguwa, a fasa.

Maganar salla ma a shirya ta. Cire but a wanke ƙafa da ruwan sanyi a saman dutse na iya cutar da yatsu. Ku yi alwala a masauki, ku kuma tambayi malaminku hukuncin shafa a kan huffi da taimama kafin ku bar gida.

Wanne ya dace da wa

Ɗalibin da damuwarsa titi ne da matakalar makaranta a garin da dusa ke sauka, roba mai waya ta ishe shi, kada dai ya kai ta dutse. Masu zuwa Jabal Musa tsakanin Disamba da Fabrairu, ko hanyoyin da aka tattake a Uludag kusa da tashar motar igiya (wadda ke hawa dutsen a rataye a waya), but mai ƙwari daga gwanjon gida da sarƙa mai haƙora ga kowannenku, da sanda. A Jabal Musa kuma da ɗan jagora daga Larabawan yankin ake hawa, ku tambaye shi halin matakalar sama tun kuna ƙasa. Wanda aljihunsa bai kai sarƙa ba kuma hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce, sukuru ya fi babu, da sharaɗin juyowa da zarar gangare ya fara. Masu niyyar Tubkal su yi hayar kiramfon da gatari a Imlil, su nemi jagoran ya koya musu tsayar da zamewa a kusa da masauki kafin ranar hawa, kuma kada su sa waɗannan ƙarafa a jakar hannu a jirgi.

Idan kuwa ɗayanku ne kawai ya samu kayan, ko ɗaya bai taɓa doguwar tafiya da but ɗinsa ba, ku ɗaga tafiyar zuwa Afrilu ko Oktoba, lokacin da galibi but kaɗai ke wadatarwa a Jabal Musa.